Kawu, Jirginka Bai Nutse Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran kawuna, yayan mahaifiyata, bayan jinyar kwana tara a asibiti. Mutanen unguwa da Direba suka san shi, domin shekara ashirin da shida ya yi yana jan babbar mota. Amma akwai wasu da yawa da ba su taɓa ganin fuskarsa ba, su kuma da Mai Ƙafar Katako suka san shi.

Kawu, ka fi kowa sanin ni ba mai magana ba ce. Ko a aji malami ya kira sunana, sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi ya sa abin da na kasa faɗa a zaman makokinka na zo in faɗa a rubuce.

Lokacin da ciwon suga ya sa aka yanke maka ƙafar hagu, ka daina dariya. Kullum kana kan kujerar bakin taga, makullin motarka na rataye a ƙusa, kana kallonsa. Ni nake kawo maka abinci idan na dawo makaranta, in zauna a gefe ina buga Tsibiran Hazo a waya. Wasa ne na intanet da mutane daga wurare masu nisa suke haɗuwa a ciki, kowa ya zaɓi abin da zai zama: mayaƙi, ko matsafi, ko ɗan kasuwa, ko ɗan fashin teku. Wata rana ka leƙo ka ce, "Uwata, wannan mai ƙafar icen fa?" Na ce ɗan fashin teku ne. Ka ce, "Ashe ɗan'uwana ne. Shi ma an cire masa taya ɗaya." Ranar na ji dariyarka ta farko cikin wata huɗu.

Kai da ba ka taɓa ganin teku da idonka ba, cikin wata biyu ka zama kyaftin. Ka sa wa jirgin sunan da ke rubuce a goshin motarka: Sannu Ba Ta Hana Zuwa. Ba ka taɓa shan kwanar tsibiri ba tare da ka busa ƙaho ba, wai kada a yi karo da mai zuwa. Mutum biyu suka biyo mu, Mai Kemis da ke harba igwa, da Malama mai duba taswira. Ni kuma ka ɗora ni can saman tirken jirgi ina hango hanya.

Aikin ɗan fashi a wasan shi ne idan ya ga jirgin wani ya lalace, ya far masa ya kwashe kaya. Kai ka ƙi. Dodannin ruwa kam ka yaƙe su ba tsoro, amma jirgin ɗan'adam da ya tsaya a tsakiyar teku, sai ka ce a ɗaura masa igiya mu ja shi zuwa gaɓa. Ka ce dokar hanya ce, direban kirki ba ya wuce motar da ta mutu. Mai Kemis ya sha yin ƙorafi: "Kyaftin, wai mu 'yan fashi ne ko 'yan agaji?" Sai ka ce, "Ɗaura igiya tukuna, likitan ƙarya, ma yi fashin gobe." Goben nan ba ta taɓa zuwa ba. Shekara biyu muna can ƙasan jerin 'yan fashi, ana yi mana dariya. A da abin yana ba ni kunya. Yau babu abin da nake alfahari da shi kamarsa.

Kowa a jirgin da murya yake magana, ni kaɗai nake rubutawa, kai kuma ka karanta musu. Wata rana na hango dodo, kafin in gama rubutu ya farfasa mana gefen jirgi. Na fashe da kuka. Ba ka yi mini faɗa ba. Ka danna maɓallin magana ka ce musu, "Muryar uwata tana nan, lodi take yi. Mota mai kaya ba ta tashi da gudu."

Ganina da kai na ƙarshe a asibiti, ka kama hannuna ka ce, "Kada ki bar mini motar nan a bakin titi." Na gane abin da kake nufi. A dokar wasan, idan kyaftin ya kwana ashirin da ɗaya bai shiga ba, jirginsa zai nutse har da sunansa, sai fa in wani daga cikin mutanensa ya karɓi sitiyari da yardar sauran. Ranar da ka rasu, saura kwana goma sha biyu. Malama da Mai Kemis suka ce ni suka zaɓa, amma da sharaɗi ɗaya. Kai ba ka taɓa tayar da jirgi ba sai ka ɗaga murya ka tambaya ko kowa ya shiga, kamar yadda kake yi a tasha. Suka ce sai sun ji wannan kiran daga bakina.

Kwana goma sha ɗaya ina buɗe wayar ina rufewa. Ranar ƙarshe, bayan la'asar, na zauna a kujerarka na shiga. Kawu, da ma ka gani! Ashe Mai Kemis ya baza labarin rasuwarka. Tashar jiragen ta cika maƙil. Na ƙirga jirgi sittin da uku, duk waɗanda ka taɓa ja ne, kowanne ya sauke tutarsa ya saki igiya a ruwa. Kuma dukkansu suna saurare. Na ɗora yatsana a kan maɓallin magana. Na kalli makullin da ke rataye a ƙusa, na danna.

Na ce, "Kowa ya shiga?"

Muryar ta fito 'yar siririya, tana karkarwa, amma ta fito. Malama ta ce, "Mun shiga, Kyaftin." Na busa ƙaho, jirage sittin da uku suka amsa. Mama ta shigo da gudu ta tsaya a bakin ƙofa, tana kuka tana dariya.

Ba mu yi nisa ba muka tarar da kwalekwalen wani sabon shiga ya fashe, kayansa na yawo a ruwa. Ban rubuta komai ba. Da bakina na ce a ɗaura igiya. Mai Kemis ya yi ajiyar zuciya ya ce, "An gudu ba a tsira ba." Ya ɗaura.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Anti, matarka da ta yi haƙurin jinyarka, da 'ya'yanka uku, da Mama wadda ta rasa yaya kuma uba, da abokan aikinka direbobi, da mutanen jirginmu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Yadda ba ka taɓa wuce wanda ya tsaya a hanya ba, Allah kada Ya sa rahamarSa ta wuce ka. Amin.