Azarar Gidan Inna Hamsatu

Duk wanda ya taɓa kai tsohuwar ƙofa ko gado kasuwar Katako ta Yamai a shekarun farko na mulkin kai ya san Zailani ɗan Tasawa. Sayen tsofaffin kaya ne sana'arsa, kuma bai iya saye ba sai da kushe. Ko zinariya ka kawo masa sai ya ce ta yi tsatsa. Rumfata tana jikin tasa, na sha jin kunya a madadinsa.

A shekarar da nake ba ku labari, bakin nan nasa ya mutu. An ja layin sabon titi ta tsakiyar ɗakin da yake haya, aka ce su tashi kafin damina. Matarsa Hadizatu tana jego, jaririn kuma tari yake yi. Zailani ya taka Yamai lungu-lungu har takalminsa ya tsinke. Ko'ina ma'aikatan gwamnati sun riga shi, haya ta yi tashin da ba ya iya kamowa. Ya rame, ko ƙosai na miƙa masa sai ya riƙe a hannu har ya huce.

Sai aka nuna masa gidan Inna Hamsatu, wata tsohuwa Bazabarma da mijinta ya rasu, tana son ta sayar da shi ta koma ƙauyen Saga wajen danginta masu noman shinkafa. Na raka shi. Gidan ƙasa ne, katanga ta zaizaye, indararo ya karye, ƙofa tana rataye da ƙyar. Amma da muka shiga ɗaki ya ɗaga kai, sai na ji ya damƙe mini hannu. Azarar giginya ce baƙa wuluk, irin wadda gara ba ta ci, jere reras.

Ya raɗa mini, "Bango ƙasa ne, ko ni sai in yaɓe shi. Wannan rufin shi ne gidan."

Abin da ke hannunsa bai kai ba, ko da ya haɗa da kayan rumfarsa. Don haka ranar ciniki, a gaban mai unguwa da shaidu, ya koma halinsa. Ya kushe katanga, ya kushe rijiya, sannan ya nuna sama da sanda.

"Inna, wannan itacen ai ya mutu. Ko a murhu sai hayaƙi. Wahalar fidda shi kawai kika bar mini."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon rufin. Ta ce, "Maigidana ya kawo su daga Gaya a jirgin ruwa, shekarar da aka kawo ni."

"Allah ya ji ƙansa, Inna. Amma sun gama aiki."

Ta sallama a yadda ya taya. Aka shafa fatiha. A hanya har rawa ya taka.

Ranar tarewa muka turo amalanke da kaya, Hadizatu tana biye da goyo. Muka shiga ɗaki muka ga sama fes. Ba azara ko ɗaya, ƙasar rufin an tara ta tsaf a tsakar gida. Maƙwabciya ta ce Inna ta sa 'yan'uwanta sun kwashe, don kada ta bar wa baƙo wahala.

Zailani ya kai kuka wurin mai unguwa, shi kuwa ya ce masa, "Da kunnena na ji ka ce ba ka so."

Zailani ya tafi Saga a ƙafa, na bi shi don ina tsoron abin da zai yi. Muka tarar an riga an ɗora azarar a sabon ɗakin Inna, an shafe da laka. Ta shimfiɗa mana tabarma a ƙarƙashinsu, ta kawo fura.

"Ɗana, ka gani? Ni tsohuwa, za su riƙe ni iyakar kwanan da ya rage. Kai mai jariri, ka nemi sababbi masu ƙwari."

Zailani bai taɓa yabon kaya a gaban mai shi ba, ranar ma ya kasa. Ya sha furar, ya yi godiya.

Kafin mu iso gida hadari ya haɗo daga gabas. Muka tarar da Hadizatu a kusurwar ɗaki, ta kifa babban kwanon wanki a kan jaririn tana tokare da shi da gwiwa. Zailani ya tuɓe rigarsa ya shimfiɗa a kan bango, inda ruwa ya fara cin ƙasar.