Ranar Da Kwaɗo Ya Faɗa Cikin Kwaɗo

Ko tsufa ya kama ni har na fara neman tabarau alhali yana kan hancina, ba na jin zan manta Asabar ɗin da na shirya wa ɗana walimar kwaɗo a gidanmu na Bodinga. Shekaru sun ja, amma har yau in 'yan uwa suka taru aka ɗauko zancen, sai an samu wanda ya ƙware da ruwa saboda dariya.

Lokacin ɗan farina yana aji biyu na firamare. Ya faɗo daga kan katanga ya karye a ƙafa, aka yi ɗori ya warke, sai dai tafiyar ta bar masa ɗingishi, in yana sauri kuma yakan haɗa da ɗan tsalle. Yara kuwa bakinsu ba linzami. Wani ƙaton yaro a ajinsu ya laƙaba masa Kwaɗo, sauran suka ɗauka, da ya shigo aji sai su hau yi masa kukan kwaɗi. Ni ban sani ba. Na dai ga kullum da safe ciwon ciki, ranar Asabar da Lahadi kuma cikin ya warke sumul. Sai da na ritsa shi a ɗaki ya faɗa mini, ya ƙara da cewa shi da makaranta har abada.

Allah ya yi ni da saurin hawa, wannan kowa ya shaida. Nan take na zari hijabi zan je in murɗe kunnuwa. Maigidana, wanda tela ne a kasuwar Bodinga kuma mutum mai sanyi kamar ruwan randa, ya tsaya a bakin ƙofa.

"In kinka murɗe kunnen guda, gobe su ƙara mai wani suna," in ji shi. "Su ce ga Kwaɗo, ga uwar Kwaɗo."

Na ji haushi don gaskiya ya faɗa. Na cire hijabin na zauna ina huci.

Dabarar a waya na tsince ta. Na ga yadda wasu iyaye ke shirya wa yara biki a kan abu guda, komai na wurin ya zama jirgi ko kifi, tun daga ado har abin ci. Sai na tuna kafin a ɓata masa sunan, babu abin da yaron nan yake so kamar kwaɗo. In muka je Danchadi wurin Kawu, ƙanin mahaifiyata mai lambu a fadama, yini yake yi a bakin ruwa yana kama su yana saki. Na ce to, tunda da kwaɗo aka zage shi, da kwaɗo zan wanke shi. Zan yi walimar godiya ga Allah da ya ba shi lafiya, in gayyato 'yan ajin nasu kaf har da ƙaton, in cika gidan da kwaɗi masu kyau har sai kowane yaro ya yi fatan a ce shi ne Kwaɗon.

Daga nan na haukace da aiki, a ɓoye, a ɗakin maƙwabciyata, don ina so ya zama ba-zata. Na bi masu shago na kwashe kwalayen taliya, na yanka su fale-fale kamar ganyen bado na shafe da koren fenti. Na jiƙa ƙaro ya zama abin liƙi, na manna murafun kwalba a kan koren balan-balan suka zama idanu. Na koyi naɗe takarda ta zama ɗan kwaɗon da in ka danna bayansa yake tsalle, na yi ta dannawa ni kaɗai ina dariya, uwar 'ya'ya guda. Maigidana ya tattaro guntayen koren yadi ya ɗinka wa yara huluna masu manyan maɓallai biyu a sama. Cincin ne ya ba ni kunya. Na yanka ƙullin da siffar kwaɗo, da ya shiga mai ya kumbura ya fito kamar ƙadangaren da mota ta taka. Na ce ba komai, yara ba su duba fuskar cincin. Na dafa ƙwai na soka masa kanumfari a matsayin ido, na rina alawar madara ta zama kore, na fafe kankana na buɗe mata baki na cika shi da gullisuwa.

Ana saura kwana kaɗan na rubuta saƙo a zauren danginmu na waya: "Walimar Asabar komai na kwaɗo ne. Mai gudummawa ya kawo abin da ya shafi kwaɗo." Na tura ina jin kaina, ban ga wani abu a cikin maganar da ke buƙatar fassara ba.

Ranar Asabar na tura ɗana shago wurin babansa tun da safe, na baza ado. Ganyen bado a ƙasa, balan-balan a igiyar shanya, kankana ta wangale baki a tsakiyar tabarma. Na ja da baya na duba, na ce lallai ke ma gwana ce. Bayan azahar suka dawo. Yaron ya shigo da sallama, ya tsaya cak a tsakar gida. Ya dubi igiya, ya dubi huluna, ya dubi kankana. Ina jiran tsalle da murna, sai ya juyo ya dube ni.

"Mama, har ke?" in ji shi.

Ya ja ƙafarsa ya shige ɗaki, ya kutsa ƙarƙashin gado. Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan sanyi. Ban taɓa kawo wa raina cewa zai ɗauka ni ma tsokanarsa nake yi ba. Na durƙusa na yi lallashi, na yi rantsuwa, na yi alkawarin keke, ko motsi bai yi ba. Ga shi yara za su fara zuwa bayan la'asar. In suka zo suka tarar da gida cike da kwaɗi, mai walima kuma a ƙarƙashin gado, ai na gama kashe shi da hannuna.

Ina nan durƙushe na ji sallamar Inna, mahaifiyata, daga Shagari. Na fito ina share ido, na tarar ana sauke mata manyan robobi biyu daga keke napep. Ta buɗe ɗaya: zogale ne an murtsuke shi da ƙuli-ƙuli da albasa. Ta buɗe ɗayan: rama.

"Inna, wannan fa?"

"Ba kwaɗo kinka ce ba?" in ji ta. "Ƙanwarki ta karanta min. Mu ɗatu muka ce mai, amma na san ke tun da kinka yi karatu Kano bakinki ya karkace. Nic ce ɗiyag ga ɗatu taka nuhi. Tun da asuba nika ɗiban zogale."

Ta ɗaga kai ta ga balan-balan masu idanu suna kallon ta. Ta sake duban su.

"Waɗanga kuma mi na?"

Na ce kwaɗi ne, Inna, na ruwa. Ta tafa hannu ta ce ita dai a rayuwarta ba ta taɓa jin an yi wa kwaɗon ruwa walima ba. Na ce a raina, garin neman ƙiba na samo rama, har roba guda.

Ban gama da Inna ba sai ga surukina, dattijo mai shagon kayan ƙarfe a kasuwa. Na durƙusa har ƙasa na gaishe shi. Ya miƙo mini wani kwali mai nauyi, ya ce ga gudummawarsa, a raba wa yara. Na buɗe a gabansa. Ƙananan kwaɗon ƙofa ne, sababbi fil, kowanne da makullinsa a rataye.

"An ce min komi na kwaɗo na," in ji shi. "Nic ce to, wanga sha'ani ya zaka inda muka da ƙarhi. Masu kyau na, ba su tsatsa."

Dariya ta taso mini tun daga ciki, ga hawaye bai bushe ba, ga suruki a tsaye. Na cije leɓe na sunkuyar da kai ƙasa ina cewa Allah ya ƙara girma, Baba, Allah ya saka da alheri, kafaɗuna na rawa. Shi kuwa ya ɗauka daɗi ne ya sa ni kuka, ya yi ta cewa ba komai, ai yi wa kai ne.

La'asar na yi yara suka fara tururuwa, wasu da iyayensu mata. Suka daka wa hulunan wawa, suka hau danna kwaɗin takarda, suka cinye ƙadangarun cincin ba tambaya. Ƙaton nan ya zaɓi hular da ta fi kowace manyan idanu. Can ya waiga ya ce, "Ina Kwaɗon?" Sauran suka kwashe da dariya, wani ya fara kukan nan nasu. Na san yaron yana ji daga ɗaki. Hannuna har ƙaiƙayi yake, maigidana ya kafe ni da ido daga zaure.

A daidai nan Kawu ya iso daga Danchadi a kan mashin, da wani babban bokiti ɗaure a baya, an rufe bakinsa da buhu. Shi kaɗai ne a dangi ya fahimci saƙona daidai, sai dai ya fahimce shi fiye da kima. Ya ajiye bokitin a tsakiyar tabarma yana murmushi.

"Na ga kowa na ta shiri, nic ce mu da ka kwana da su ba a bar mu baya ba," in ji shi. "Manya-manya nit tsinto."

Kafin in ce kada, ya kwance igiyar da ta ɗaure buhun.

Abin da ya biyo baya ba ya faɗuwa da tsari. Kwaɗi suka yi ta fitowa kamar ana tura su, kowanne ya kama gabansa. Mata suka tattare zannuwa, wata ta haye kujera, wata ta haye wadda ke kan kujerar. Yara suka watse, balan-balan na fashewa, kankana ta kife. Surukina ya naɗe babbar rigarsa ya koma zaure da saurin da ban san yana da shi ba. Ƙaton nan mai raba wa mutane suna ya ɗare kan turmi, ya takure ƙafafu yana kiran uwarsa, hula ta zamo masa har hanci. Sai wani jibgegen kwaɗo ya yi tsalle ɗaya, biyu, ya dira cikin robar zogalen Inna ya zauna daram.

"Innalillahi," in ji Inna. "Kwaɗo cikin kwaɗona."

Nan na zauna a ƙasa ina dariya har numfashina na ɗaukewa. Kawu na bin su da buhu, in ya kama ɗaya biyu su zille, kuma ba mai taya shi, kowa na ta kansa.

Ban ga fitowar ɗana ba. Na dai hango shi a bakin ƙofar ɗaki, da ƙura a gashi, yana kallon Kawu.

"Kawu, ba haka aka kama su ba," in ji shi. "Kana matse musu ciki."

Ya tako da ɗingishinsa, ya tsuguna, ya lallaɓa ta baya ya cafke ɗaya a ƙugu, ya jefa a bokiti. Ya yi tsallen nan nasa da ake yi wa dariya ya tare wani a bakin rariya. Ya zura hannu bayan randa ya zaro biyu. Ya tsamo na cikin zogale ya goge masa ƙuli-ƙuli da gefen rigarsa. Ba ka jin komai a gidan sai yara na nuna masa: ga wani can, ga wani ƙarƙashin tabarma. Da ya zo gindin turmi ya ɗauki wanda ya tsare ƙaton, ya ɗaga shi saitin fuskarsa. Da ni ce da na jefa masa a riga.

"Ba shi cizo," in ji shi. "Taɓa bayanai ka ji."

Ƙaton ya miƙo yatsa, ya taɓa, ya janye, ya sake taɓawa. Shi ke nan sai layi. Kowane yaro na roƙon a koya masa riƙo, har da 'yan mata. Aka juye kwaɗin a wani tsohon akwatin kaji mai raga don Kawu ya mai da su fadama, surukina ya fito daga zaure da martabarsa, ya zaɓi ɗaya daga cikin kayansa ya datse ƙofar akwatin. Ya ce ai ga amfaninsu nan, dama ya san za a nema. Iyaye mata suka sauko daga kujeru suka far wa robar ramar Inna har suka ga gindinta, zogalen dai ba wanda ya yi masa tayi. Yara suka tafi gida kowa da hula a ka da kwaɗon ƙofa a aljihu.

Ranar Litinin ina cikin dama koko na ji ana buga ƙofa. Yara ne cike da zaure sanye da kayan makaranta, ƙaton a gaba, suna tambaya ko Kwaɗo ya shirya. Na waiga na ga ɗana. Yana tsaye da jakarsa a baya, ya ɗaga murya ya ce, "Ga ni nan tahe." Ya fita ko kokon bai tsaya sha ba, ni kuma na zauna a bakin murhu na yi kukan da na fi jin daɗinsa a rayuwata.

Yanzu yana sakandare, ya fi ni tsawo, ɗingishin sai ka lura sosai. Abokansa har gobe da wannan sunan suke kiransa, yana amsawa da fara'a. Ni dai abin da na ɗauka a ranar shi ne, kwali da fenti ba su cire wa yaro kunya, komai kyan da suka yi, kuma uwa ba ta iya amsa suna a madadin ɗanta. Abin da za ta iya shi ne ta ba shi fili ya nuna abin da ya iya a gaban waɗanda suka raina shi. In ya amsa sunan da bakinsa, kansa a ɗage, babu sauran mai iya zaginsa da shi.