Muryarsa ta Fito, Fuskarsa ta Ƙi

Ƙarar cokali ce a cikin kofin shayi. Ina kicin bayan la'asar ina juya sukari kamar kullum, ƙil-ƙil-ƙil, sai na ji maigidana ya ɗaga murya daga falo.

"Hajiya! Kin shiga fim ɗina fa."

Na leƙo da kofin a hannu. Ya ɗauko farin zanin gadona, wanda nake ajiyewa don baƙi, ya rataya a bango. Ya kafa kyamarar shagonsu a kan ƙafafunta uku, shi kuma yana zaune a gabanta da moɗar ruwa kamar mai talla.

"Wane fim kuma, da zanin baƙina?"

"Ruwa nake koya wa 'yarki. Na faɗa daidai, sai ga cokalinki. Amma bar shi, ba zan sake ba. Gobe ta san uwarta ba ta iya juya shayi a hankali ba."

A unguwar Madain Fahd da ke Jidda muke zaune a lokacin, ɗaki biyu da falo a hawa na biyu. Ni daga Katsina aka kawo ni bayan na gama sakandare. Shi kuwa haifaffen Jidda ne, kakansa ne ya zo Hajji ya zauna. Yana aiki a wani shago a Bagdadiyya inda suke haɗa wa makarantu da kamfanoni faifan CD, irin wanda in ka sa a kwamfuta ka danna hoto sai ya yi magana ko ya motsa. Lokacin abin yana tashe.

'Yarmu ɗaya ce, tana cikin shekara ta uku. Duk abin da ka faɗa mata da Hausa tana ji, amma da Larabci take amsawa. Ka ce mata, "Me kike so?" ta ce, "Moya," wato ruwa. Wannan moyar ita ta dame shi. Ya ce Hausar da kakansa ya ɗauko tun daga gida ba za ta zo ta ƙare a falonsa ba. Shi ne ya ƙudura zai haɗa mata barnamaji, wato shirin kwamfuta, nata ita kaɗai. Shafi ne cike da zane-zane: moɗa, ƙofa, kaza, rana, takalmi. In ta danna ɗaya, sai ƙaramar taga ta buɗe a tsakiyar shasha, wato allon kwamfutar, ubanta ya fito ya faɗi sunan abin. Kuma ba faɗa kawai yake yi ba. In ruwa ne sai ya cika kumatu ya zaro ido. In kaza ce sai ya ƙanƙance wuya. Mutumin da a waje ake cewa ba ya dariya ke nan.

Tun daga ranar cokalin ya mai da ni mai gwaji. Ya ce tunda na shiga aikin ba a gayyace ni ba, sai in zauna. Nakan ajiye tsintsiya in zo in riƙe linzamin kwamfutar, shi yana tsaye a bayana. Ni na fara lura cewa bakinsa yana riga muryarsa. Sai ya gama buɗe baki ya rufe, sannan a ji "ƙofa." Wani lokaci hoton ya tsaya cak, ya bar shi da baki a karkace, ni kuwa in yi ta dariya har sai ya ce, "Halas, ya isa, mijinki ne fa." Ya rage girman tagar, bai gyaru ba. Ya rage nauyin bidiyon, sai fuskarsa ta koma dabbare-dabbare kamar tsohuwar atamfa. Ya yi makonni yana fama. A ƙarshe ya raba su biyu. Muryar ya sa ta a cikin barnamajin kansa tunda ba ta da nauyi, hoton kuma ya ajiye shi a wani wuri dabam, in an danna sai a kira shi ya zo ya hau kan muryar. Da haka suka daidaita.

Wannan wuri dabam shi yake kira rumbu. Wata babbar folda ce a faifai na biyu da ke cikin kwamfutar, ya yi mata ɗakuna-ɗakuna. Ɗaki guda na rubutun umarnin da ke sa maɓalli ya amsa in an danna shi. Wani na buɗe bidiyo da rufe shi. Wani na rubutun Larabci don kada ya juye, wani na haruffanmu masu lanƙwasa, waɗanda ya zana da hannunsa saboda kwamfutar ba ta san su ba. Bidiyoyin ma suna da ɗakinsu. Duk aikin da ya yi a gida, daga nan yake ɗiba, kuma ba ya yarda ya kwafi abu ya ajiye a wuri biyu.

"Dubi gishirinki," in ji shi. "Akwai a gwangwani, akwai a leda, akwai a wancan kofin da hannunsa ya karye. In ɗaya ya jiƙe ba ki san wanne ba ne sai kin zuba a miya. Ni nawa wuri ɗaya yake. In na gyara a rumbu, duk ayyukana sun gyaru."

"In ɓera ya shiga rumbun fa?"

"Ranar da na gama zan tattara komai in sa a faifai guda. Ki dai yi mini addu'a."

Bai gama ba. Ya kai kan kayan kicin, yana cewa saura sauran dabbobi da gaisuwa. Wata rana bayan azahar ya yanke jiki ya faɗi a shago, kafin magariba an yi masa sutura. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ba zan iya rubuta wannan yinin ba, ko yanzu.

A gidansu ba a barin kayan mamaci su daɗe. Haka suka taso, abin da zai amfani wani a fitar da shi da wuri, ladan ya riske shi tun kabarinsa yana ɗanye. Ina cikin takaba yayansa ya zo ya tsaya a bayan labule ya yi sallama. Ya ce an raba tufafi, an kai littattafai masallaci, saura kwamfuta. Akwai wata makarantar haddar Alƙur'ani a unguwar Mahjar da ba su da ko ɗaya. Na ce Allah ya kai ladan kabarinsa. Da zuciya ɗaya na faɗa.

Ƙanwarsa, wadda ke koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata, ita ta tuna da aikin yarinya. Kafin a zo ɗauka ta kunna, ta nemo foldar barnamajin, ta kwafe ta gaba ɗaya a faifai, ta kawo mini ɗaki. Ta ce, "Matarmu, ɓoye wannan. Yaya yana ciki." Na naɗe shi a ɗankwali na sa a ƙasan akwati.

Dole in faɗi dalilin da ya sa faifan nan ya zama abin da ya zama a wurina. Ba mu da hotonsa. Bai yarda da ajiye hotuna a gida ba, kamar yadda mahaifinsu bai yarda ba. Bidiyon yarinya ma sai da ya yi ta nazari kafin ya ce wannan ai karatu ne. Abin da ya rage sai ɗan hoton iƙama, katinsa na izinin zama a ƙasar, wanda ya ɗaure fuska a ciki kamar an yi masa laifi. Kaset ɗin kyamara kuwa na shago ne, guda ɗaya, duk wanda ya ɗauka a kan na wani yake ɗauka.

Fiye da shekara ban taɓa faifan ba. Ba ni da kwamfuta, kuma ba ni da ƙarfin zuciyar. Sai wata safiya ina yi wa yarinya kitso ta tambaye ni, da Larabcinta, wai Baba yana da gemu ne ko ba shi da shi. Hannuna ya tsaya a kanta. A ranar na kira goggonta.

Ta zo ranar Alhamis da 'yar kwamfutarta ta hannu, tana haki saboda matakala.

"Ku dai kun ƙi sauka ƙasa. Yalla, kawo shayi, amma ban da wannan sukarin naki na Katsinawa."

Muka tura yarinya gidan maƙwabta tukuna, don in fara gani ni kaɗai. Shafin ya buɗe. Ga moɗa, ga ƙofa, ga kaza, komai yadda na san shi. Na sa hannu na danna ƙofa. Tagar ta buɗe baƙa ƙirin. Sai muryarsa ta fito daga cikin baƙin nan, sarai, kamar yana bayana: "Ƙofa."

Goggon yarinya ta fara share ido da gefen mayafi.

"Ba komai, wallahi ba komai. Wannan ƙaramin abu ne. Kowane bidiyo yana da ɗan mabuɗin da ke warware shi, nawa jihazin ne, kwamfutar nan, ba shi da irin na Yaya. Zan nemo."

Ta nemo, ta sa, baƙi. Ta sa wani, baƙi. Ta canza launukan shasha, ta ce tsofaffin ayyuka ba sa son sababbin launuka. Ta tafi da faifan zuwa makarantarsu ta gwada a wata tsohuwar kwamfuta, ta dawo mako na gaba fuska ba walwala. Duk da haka sai da ta tsokane ni, wai ko na wanke faifan da omo ne don tsabta. Na ce dangin miji dai ba a iya musu.

A zuwa na uku ta ce bari ta daina zato, ta buɗe cikin barnamajin ta karanta abin da ya rubuta. Ina zaune kusa da ita ina tsince shinkafa a tire. Tana bin layukan da yatsa tana gunaguni da Larabci, tana yaba tsabtar aikinsa. Can sai yatsan ya tsaya.

"Kowane maɓalli wuri ɗaya yake aikawa. Ba a cikin faifan nan ba, wani wuri ne a jihazinsa." Ta juyo. "Matarmu, shu hada rumbu? Mene ne rumbu?"

Na ajiye tiren a ƙasa a hankali don kada ya zube. Na ba ta labarin gishiri. Ni na san akwai rumbu amma ban san faifan bai ɗauko shi ba. Ita ta san kwamfuta amma bai taɓa nuna mata rumbu ba. A ranar da aka zo ɗauka, tana falo, ina ɗaki, labule a tsakaninmu.

Washegari muka shiga mota zuwa Mahjar. Makarantar ɗaki biyu ce a ƙasan wani tsohon gida. Kwamfutar tana kan tebur a lungu, na gane ta da ɗan tabon shayi a gefenta. Yara uku sun kewaye ta, tana karanta musu aya suna maimaitawa. Malamin dattijo ne mai kunya. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya dafe kai. Ya ce da aka kawo ta, wanda ya sa musu karatun ya goge komai don a sami wuri. Ya ce mu ɗauke ta, tamu ce.

Goggon yarinya ta ce a ba ta aron yini biyu kawai, akwai hanyar tono abin da aka goge in ba a rubuta wani abu a kansa ba. Ta tono. An rubuta a kan kusan duka. Ta samo ɗakin haruffa masu lanƙwasa cif, da guntayen rubutun maɓallai. Daga ɗakin bidiyo abu ɗaya ne ya buɗe, ɗan guntu da bai kai ƙiftawar ido uku ba: farin zanin gadona a bango, da kujera, ba kowa a kai. Ya kunna kyamara ke nan bai riga ya zagayo ya zauna ba. Na sa ta maimaita mini shi har sai da ta ce, "Ya isa, don Allah," ta rufe.

Muka mayar wa malam da kwamfutarsa. Da muka shiga, yaran suka taso da murna suna rige-rigen jona waya. Na tsaya a ƙofa ina jin ayar tana tashi daga inda fuskarsa take a da. Na ce a raina Allah ka karɓa masa. Ban fasa faɗar haka ba har yau, ko da yake a mota na yi kukan da ban yi ba tun takaba.

Goggon yarinya ce ta zauna ta ƙarasa abin da za a iya. Ta gina sabon rumbu a cikin faifan kansa, ta jera abin da ta tono ɗaki-ɗaki yadda ya saba yi, ta gyara kowane layi ya daina aikawa waje. Ta ce ko ta sa hoton iƙama a tagar? Muka gwada. Wannan ɗaurarriyar fuskar tana cewa "kaza" ba shi ba ne. Na ce ta cire. Muka bar tagar baƙa.

Sannan muka kira yarinya. Na ɗora ta a cinyata, na sa hannunta a kan linzami. Ta danna kaza, ta ji, ta waigo ta dube ni. Ta danna ƙofa. Ta danna takalmi sau biyu. Da ta danna moɗa, ya ce, "Ruwa," sai ga ƙil-ƙil-ƙil daga nesa, da ɗan sautin dariyar da ya danne kafin a yanke. Ta matsa da fuskarta dab da shasha tana leƙen baƙar tagar ta gefe, kamar mai leƙa ɗaki. Goggonta ta tashi ta shiga kicin.

Na fara haɗa kalmomin da zan gaya mata cewa hoton ya ɓace. Ba ta jira ni ba. Ta juyo a cinyata ta kama kumatuna da hannu biyu, ta yi magana da Hausa, a hankali, tana neman kowace kalma.

"Umma, ni zan danna ruwa. Ke ki yi mini fuskar Baba."