Ranar da Goggo Ta Wanke Rigar Fatalwa

Shekara tara Goggo tana mutuwa a fim tana dawowa ɗaukar fansa. Doguwa ce siririya, idanu a zurme. Tun ranar da darakta ya gan ta tana share masa ofis ya ce an gama neman fatalwa. Ba ta taɓa furta ko kalma ɗaya a gaban kyamara ba. Nata dai ta ɓullo ta bayan ƙofa, gashi ya rufe fuska, ta shaƙe mijin da ya jefa ta rijiya. Da wannan aikin take ci, da shi aka san ta a layinsu, kuma tana ji da shi.

Amma rigar fa? Tir! Dokar wajen aikin ce ba a wanke ta, wai tabon da aka gani a kafaɗa a kashi na ɗaya dole a gan shi a na bakwai. Jinin ƙaryar kuwa sikari ne da jan kala, kowa kuma ya san baƙin da sikari ke gayyatowa. In aka kwance buhunta kyankyasai ne ke fara yin sallama, sannan tsamin gumi da warin funfuna su biyo baya. Shi kansa mai kwalliya da sanda yake ɗago ta. Goggo, matar da har tsintsiya take wankewa in ta gama shara, haka za ta riƙe numfashi ta zura kai a ciki.

Ƙuraje suka feso mata a wuya da hannuwa. Da 'yarta ta haihu, Goggo ta miƙa hannu za ta karɓi jariri, 'yar ta janye shi.

"Mama, don Allah ki yi haƙuri, sai hannun nan ya warke."

Washegari Goggo ta cusa rigar a jaka ta kai gida. Ruwan zafi, sabulu sanda biyu, ɗauraya bakwai. Ruwan farko da ya fito, sai da ta koma gefe ta yi amai. Ta shanya, ta goge, ta kai musu a ninke, fara sol.

Darakta ya ɗora hannu a ka. "Goggo, kin kashe ni! Fatalwa nake nema ko ma'aikaciyar asibiti?"

Ya fizgi rigar ya nufi kwatar da ke bayan shagon mahauta. Da ƙafarsa ya dinga dirza ta a ciki, ya dawo da ita tana ɗiga, ƙudaje na yi mata rakiya.

"Ungo, sa."

"Haba ɗan nan, ko kare ba zai kwanta a kan wannan ba."

"To, akwai masu so."

Akwai kuwa. Wata doguwa daga cikin masu jiran a ɗauke su cikon taro ta taso ta zura ta, ko yamutsa fuska ba ta yi ba. Goggo ta ɗauki jakarta ta fita, ba wanda ya ce ta dawo.

Ta yi ta jira masu kallo su yi ƙorafi, su ce ina fatalwarmu ta da. Bayan wata uku fim ya fito. Tana zaune a ƙofar ɗaki sai ga maƙwabcinta direba, wanda bai taɓa barin kashi ɗaya ya wuce shi ba, bakinsa har kunne.

"Goggo, wallahi wannan karon kin ƙure maleji! Ba ki taɓa ba ni tsoro irin haka ba."

Ta dube shi, ta sake duban shi, sannan ta ce, "Na gode, Allah ya yi albarka."