Itatuwan da Na Sa Aka Tuge

A tsakiyar layinmu a Damba, nan Gusau, akwai wani fili da ba na kowa ba. Tun da aka yanka filayen unguwar aka bar shi, aka ce na jama'a ne. Nan ake kafa rumfar suna da ta biki, nan mata ke shanya gero da kuɓewa, da yamma kuma matasa su buga ƙwallo har ladan ya kore su. Ƙofar gidana tana kallon filin, shi ya sa na ɗauki kaina wakilinsa, ko da yake ba wanda ya naɗa ni.

Wata damina wani dattijo mutumin Bungudu ya zo gadin wani gida da ake ginawa a gefen filin. Baba muke ce masa. Tsohon mai lambu ne a bakin gulbi, ciwon ƙafa ya raba shi da aikin, amma hannunsa bai iya zama ba. Ƙwallon mangwaron da aka sha aka yar sai ya tsince, ya binne a ledar ruwa har ya tsiro. Kafin kaka ya jera dashe a bakin filin, mangwaro da gwaiba da darbejiya, ya kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki. Ruwan alwalar masallaci da ke malala a banza shi yake tarewa a bokiti ya ba su.

Kowa na sa masa albarka, ni kuwa ban yarda da abin ba. Ni ɗan Tsafe ne, kuma a wurinmu wanda aka ba aron gona gero da dawa yake shukawa, abin da zai girbe ya tashi. Ba ya dasa itace, domin dasa itace kamar ka ce "nan nawa ne". Mahaifina ya taɓa ba wani aron gona, ya kau da kai mutumin ya dasa mangwaro. Bayan shekaru da aka je gaban manya, abin da aka fara tambaya shi ne wa ya dasa itatuwan. Haka gonar ta tafi. Da wannan ciwo na girma, ban taɓa tsayawa na duba ko duk mai dashe ɓarawon ƙasa ne ba.

Sai na shiga bin maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Tsohon malamin makaranta ne ni, na iya magana, kuma na lura na fi iya ta ranar da ba ni da gaskiya. Na ce musu yau dashe ne, gobe danga, jibi ku ji ana cewa lambun Baba. Ran Juma'a bayan la'asar aka taru a ƙofar mai unguwa, aka kira Baba. Ya zo yana ɗingishi, ya cire takalmi, ya zauna a bakin tabarma. Na yi ta ta da jijiyar wuya har na gaji.

Da na gama ya dube ni ya ce, "Malam, ni mi zan yi da hili a Gusau? Rana nig gani tana dukan ɗiyanku, shi ke nan."

Na ce, "Baba, ba mu ce kana da mugun nuhi ba. Amma ka san al'ada. In ba ka, ɗiyanka hwa?"

Sai ya ce, "To, hilinku na. Ku ba ni kwana ukku."

Bai sare ko ɗaya ba. Kowanne ya haƙo shi da ƙasarsa, ya naɗe a tsumman buhu, ya yayyafa masa ruwa. Rana ta uku ya loda su a motar Bungudu, shi ma ya ajiye gadin ya bi su. Ina zaune a ƙofar gida ina shan koko, ina jin kamar na ƙwato gonar mahaifina. Duk ranar da na tuna wannan zama, kunya ce ke rufe ni.

Ramukan da ya bari su aka fara cikawa da shara. Wannan ta zuba, waccan ta gani ta zuba, cikin damina biyu gefen filin ya zama juji. Wata safiya sai ga mutanen ofishin filaye da igiyar awo da turakun ƙarfe. Ɗaya daga cikinsu tsohon ɗalibina ne, ya ja ni gefe.

"Malam, an rubuta wurin ga kango na. Da akwai icce, ko wani abin da ka nuna kuna kula da shi, da mun samu abin hwaɗi."

Maƙwabta suka ce a rubuta takardar koke, kuma wa zai rubuta in ba ni ba. Na tsara ta tsaf har na iso wurin da zan faɗi abin da ke cikin filin. Na daɗe riƙe da biro. Babu abin rubutawa, ni na tabbatar da haka da bakina.

Yanzu shaguna ne a wurin, da mai walda, da injin buga bulo da ke farawa tun hantsi. In an yi ruwa, wanda dā filin ke shanyewa zaurenmu yake shigowa. Sunan jikata a kan titi muka yi, muna ba masu babur haƙuri. Ba wanda ya taɓa yi mini gori a unguwar, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi.

Bara na yi ƙarfin hali na hau mota zuwa Bungudu in nemi gafararsa. Na makara, ya rasu tun kafin azumi. Babban ɗansa, magidanci mai furfura, ya shimfiɗa mini tabarma a bayan gida ƙarƙashin wasu mangwarori masu inuwa, ya kawo mini 'ya'yansu cikin kwano. Da na faɗi inda na fito sai fuskarsa ta washe.

"Ashe ku na masu su! Baba kullum shina cewa iccen mutanen Damba na, ajiya ta. Ya ce in kun samu wuri, ku zo ku ɗauki iri."

Na mayar da mangwaron cikin kwano. Ban gaya masa ko ni wane ne a labarin ba, na rasa ta inda zan fara. Ya ɗauko dashe guda a leda ya miƙa mini da hannu biyu, na rungumo shi har Gusau.

Tsakar gidana siminti ne, ƙofar gida kuma yanzu bangon shago ce. Dashen yana nan cikin tsohon bokiti kusa da randa, ina ba shi ruwan alwalata. Saiwarsa ta fara fasa gindin bokitin, kuma har yau ban samu inda zan dasa shi ba.