Na Je Suleja Neman Muryar Baba

Mun tashi da asuba daga unguwar Shango a Minna, ni da maigidana, na rungume wani ƙaramin akwatin ƙarfe cikin ɗankwali kamar jariri. Akwatin wutar kwamfutarmu ta tebur ne, wanda masu gyara ke kira fawa. Ranar da aka kawo wuta da ƙarfi ya yi ƙara, ya yi ƙauri, kwamfutar ta mutu. A cikinta kuwa muryar marigayi Baba take, hirar da na ɗauka yana ba da labarin yadda ya fara ganin Mama tana saukowa daga jirgin ƙasa. Wayar da na ɗauka da ita ta daɗe da ɓata. Duk Juma'a Mama kan zo gidana ta saurara. Juma'a biyu ke nan tana zuwa ta tafi ba ta ji muryarsa ba.

Na zaga shagunan Minna neman madadin fawan, kowa sai ya fito min da ƙato mai kusurwa huɗu, tawa kwamfutar kuma siririya ce. Wani ya ce in sayi sabuwa in huta. Na ce ko Legas ce zan je.

Gari ya fara haske muna haye gadar Chanchaga, kogin ya yi luf kamar mai barci. Kuɗin mota ya ƙaru, ramukan hanya ma sun ƙaru. Muka bi bayan tankokin mai har Lambata, inda muka sayi soyayyar doya da yaji wurin wata mata Bagwariya. Duk tsawon hanyar ina juya akwatin a cinyata, ina karanta rubutun jikinsa, har wani ɗan jan maɓalli da ke bayansa na haddace.

"Da haka kike kallona da na yi ƙiba," in ji maigidan.

A Suleja, shago na huɗu muka dace. Mai shagon, wani ɗan kudancin Kaduna mai fara'a, ya jera min guda uku 'yan gwanjo.

"Madam, kai ka ɗaga ka ji. Mai nauyi shi ne mai gaskiya."

Na ɗaga. Na ajiye mafi arha, don ba shi da nauyi ko kaɗan. Na kara na biyu da nawa: tsawo ɗaya, ramukan noti sun dace, bakin babbar wayar iri ɗaya, ƙarfinsa ma ya ɗara na tsohon. Na ce ya rantse min yana aiki. Ya yi dariya ya ce a ƙasar Turawa aka ciro shi, lafiyarsa ƙalau. Na biya, muka juyo gida.

La'asar sakaliya muka iso gida, muka tarar da Mama a tsakar gida, ko da yake ba Juma'a ba ce. Ban ko cire mayafi ba. Na zare kwamfutar daga bango, na ɗauki sukundireba, na zaunar da sabon a mazauninsa, na ɗaure noti huɗu. Hoton da na ɗauka kafin in cire tsohon na riƙa bi: babbar waya, ƙaramar mai baki huɗu, sai ta ma'ajiyar bayanai. Maigidan ya ɗauki filogi zai soka.

"Tsaya!" na ce da ƙarfi.

Jan maɓallin nan ne ya tsone min ido. Na tsohon yana kan 230, daidai ƙarfin wutar ƙasarmu, na wannan kuwa 115, wutar ƙasar da ya fito. Da ya soka, da wahalarmu ta tashi a hayaƙi ɗaya. Na tura shi zuwa 230 da bakin sukundireba, na yi bismillah na kunna.

Fanka ta juya. Allo ya yi haske. Kafin komai sai da na kwafe hirar a filas biyu na ajiyar bayanai.

Abin da tafiyar ta koya min shi ne, in abu ya mutu maka, tafi da gawarsa kasuwa, kuma ka kalle shi da kyau. Kallon da aka yi min tsiya a kai shi ya cece mu.

Sannan na kunna hirar. Baba ya yi gyaran murya, ya ce, "Ta sauko da kwando a ka, ko kallona ba ta yi ba."

Mama ta gyara zama, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Ƙarya yake yi," ta ce a hankali. "Ni na fara ganinsa."