Baba Mamman da Garin da Ke Jikin Bango

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina ɗaura igiyar takalmi da safen nan aka kira ni daga unguwar Ras Al Khor, nan Dubai: Baba Mamman ya rasu. Ya yi sallar asuba ya kishingiɗa, shi ke nan.

Har yanzu ban ɗaura igiyar ɗaya takalmin ba.

Mutumin Ngigmi ne, a Nijar. A wani sito na tsofaffin kayan ɗaki yake aiki. Da na zo Dubai ban san kowa ba, shi ya tsince ni a masallaci ina zare ido, ya ce, "Ɗan Kano, yalla, taho ka ci tuwo kafin ka fashe da kuka."

A jikin bangon ɗakinsa akwai wani zanen fensir da ya fito cikin kwantenar kujeru daga Holan. Wani Bature ɗan can ne ya zana, mun kasa karanta sunansa. Dogayen gidaje ne a jere bakin ruwa, da gada, da jiragen ruwa a ɗaure.

Ni da bakina na ce, "Baba, wannan ko kala babu, me kake kallo?"

Ya ce, "Matso, sarkin surutu. Ina ruwan?"

Na matsa. Ashe mutumin bai zana ruwan ba sam. Farar takarda ya bari, sai inuwar gidajen da ya ɗan goga a kai. Amma wallahi ruwa kake gani, har da sanyinsa.

Ya ce yana yaro tafkin Chadi har gindin garinsu yake zuwa. Daga baya ruwan ya janye, aka bar kwale-kwale kife a kan yashi. "Voilà, ka gani ke nan. Nasu babu ruwa amma ana gani. Namu ma haka nake ganinsa."

Ban sake tsokanarsa a kan zanen ba.

Juma'ar da ta wuce muka hau abra, ƙaramin jirgin ruwan da ke tsallakar da mutane a Deira. Ya sa hannu cikin ruwa ya daɗe bai cire ba. Ya ce, "Bana khalas, na gama, gida zan koma."

Yanzu ina zaune a ɗakin nasa, ni da zanen. Sai yau na lura babu mutum ko ɗaya a cikinsa. Kaɗaici ya kama ni sosai, ba zan ɓoye muku ba.

Iyalinsa ba za su samu biza a kan lokaci ba, sun ce a rufe shi a nan. Da zarar takardu sun fito zan sanar da lokacin jana'iza da inda za a yi ta. Zuwa yanzu ni da wani ɗan Pakistan mai gadin sito ne kawai muka ce za mu je.

Allah ya jiƙanka Baba, ya haskaka kabarinka, ya shayar da kai daga Alkausara.

Ku sa shi a addu'a. Wanda ke Dubai kuma, ko bai san shi ba, don Allah ya zo mu cika masa sahu.